Zuwa ga aminina, kan ƙullutun nan na tafin hannunka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya yara, ya jikin Hajiya? Mu nan Manchester lafiya lau, sanyi ne kawai ya sako mu gaba.

Na ga hoton da ka turo ta WhatsApp. Da hoto dai ba a yanke hukunci, amma wallahi ya yi kama da abin da muke gani kullum a asibitin da nake aiki, ana ce masa cutar Dupuytren, sunan wani likitan tiyata ne na Faransa da ya yi aikinta tun 1831. Akwai wani tantani mai ƙarfi a ƙarƙashin fatar tafin hannu, shi ne yake kauri ya dunƙule, in abin ya yi nisa sai ya zama kamar igiya ya riƙa jawo yatsa yana lanƙwashewa, yawanci ɗan ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Ta fi kama Turawan arewacin Turai, maza da suka haura 50, amma masu ciwon suga ma ba ta barin su, kai kuwa ka san halin da kake ciki.

To maganar allurar da ka tambaya. Eh ana yi, tun abin yana ƙullutu bai kai ga jan yatsa ba. Sitiroyid ce, wato maganin rage kumburi, mai suna Kenalog aka fi sani, cikin ƙullutun kansa ake sokawa kuma akan maimaita bayan kamar sati 6, wani sai an yi masa sau uku. Da zafi fa, kar wani ya ruɗe ka, tafin hannu ba cinya ba ne. Tana sa ƙullutun ya yi laushi ya sace, zogin nan da kake ji in ka riƙe sitiyari ya ragu. Amma yatsan da ya riga ya lanƙwashe ba ta miƙar da shi, sannan a wani bincike da aka yi a Amurka a 2000 rabin mutanen abin ya dawo musu cikin shekara 1 zuwa 3. Ni a ganina in ba ya maka ciwo ka ƙyale shi tukun, ka sa masa ido.

In kuma za a yi, suganka zai iya hawa na 'yan kwanaki, sai ka dage da gwaji. Kuma mu baƙaƙe wurin yakan yi fari fat ko ya ɗan lotsa, ya ɗau watanni kafin ya koma, mutane ma su zaci ƙuna ce.

Don Allah don Annabi kar ka kai hannunka kemis a caka maka, jijiyoyin yatsu suna nan dab da wurin. Ka daure ka je asibitin ƙashi na Dala likita ya taɓa da hannunsa. Kafin nan ka riƙa shimfiɗa tafinka a kan tebur lokaci lokaci, ranar da ka ga ya ƙi kwanciya sambal to an wuce maganar allurar, sai a fara zancen tsinka igiyar ko tiyata.

Ka turo min sakamakon suganka na ƙarshe in gani. A gaida Hajiya da amarya, ka ce wa su Abba saƙonsu na nan tafe.

Naka har kullum.