Neman sawun kakan da ya yi aikin jirgin ruwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu domin iyalan da ke cewa kakansu ya tafi Ikko aikin jirgin ruwa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Kada a fara da ƙidayar Nijeriya. Ta 1921 da 1931 da 1952 adadin jama'a suka bar mana, ba sunayen magidanta ba. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida kuwa, shaidu ne da goro, babu takarda. A fara da tsofaffin gida tun suna da rai: sunan yanka, laƙabi, sunan mahaifi, garinsu, sannan a kogi ya yi aiki, wajen Lakwaja da Baro da Burutu, ko a teku. A zazzage tsohuwar adaka. In aka dace da littafin sallamarsa, wato littafin shaidar aiki da ake ba ma'aikacin jirgi, an gama rabin aiki, domin yana ɗauke da lambarsa da sunan kowane jirgi da ya hau.

In kogi ne, a leƙa Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna, inda fayilolin lardunan Arewa suke. Na Ikko yawanci suna Ibadan.

In teku ne, Ingila za a dosa, don kamfanin Elder Dempster na Libaful ya ɗauki 'yan Afirka ta Yamma da yawa. Ƙidayar Ingila ta 1911 da ta 1921 suna intanet, kuma an ƙirga waɗanda jirginsu ke tasha a daren ƙidayar. Ta 1931 ta ƙone a 1942, ba a kuma yi ta 1941 ba saboda yaƙi. Akwai katunan rajistar ma'aikatan jirgin ruwa da ake kira CR10, na 1918 zuwa 1921, masu ɗauke da hoton ma'aikaci. Jerin ma'aikatan jirgi kuwa da lambar rajistar jirgin aka tsara shi, ba da sunan mutum ba, kuma mafi yawansa yana Jami'ar Memorial a Kanada.

In ya yi aure can, kada a tsaya kan sunan da aka gani a fihirisar rajistar aure. A sayi takardar auren kanta. Ita ce ke nuna shekarunsa, sana'arsa, unguwarsa da sunan mahaifinsa.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne suna. Akawun Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa: Mamman ya koma Momo, sunan gari ya zama sunan uba, Bakatsine a rubuta an haife shi a Ikko don can ya hau jirgi. Shekaru ma kintace ne, a bar ratar biyar gaba da baya. Kada a ce an sami kaka sai abu uku sun dace: sunan mahaifi, jirgi da lokaci.

Wassalam.

Mai karatunku,
Tudun Wada, Kaduna