Zuwa ga aminina, kan aikin da Auta ya samu

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya Legas, ya iyali? Shirun ya yi yawa, kuma kai ka ja, tunda ka samu amala ka manta da mu masu tuwo. Jiya Hajiya take gaya mini Auta ya shiga wajen wani mai hoton biki a Kaduna, shi zai riƙa riƙe masa jaka da fitila. Wallahi na yi murna. Ta tambaye ni ko sana'ar tana da ci. Kai yake jin maganarka, don haka karanta masa wannan a waya.

Aikin yaron mai hoto tun daren jajibiri ake cinsa. NEPA na kawo wuta ya jona komai, kada ya ce sai da safe. Ƙaramar filasha batiri 4 take ci irin na AA, ya tanadar wa kowace saiti biyu na canji. Masu caji a aljihun dama, matattu a na hagu, don a tsakiyar kamu ba lokacin gwaji. Katin kyamara kuwa kada ya kuskura ya goge sai maigida ya ce an kwashe hotunan wuri biyu, kwamfuta da wata ma'ajiya daban. Amarya ba ta sake shigowa fili don kati ya ɓace.

Abin da ya fi damuna shi ne sandar fitila. An ɗora mata lema, iska kaɗan ta kifar da ita, filasha ta tafi. Ya buɗe ƙafafunta sosai, ya ɗora buhun yashi, in babu ya rataya jaka a gindinta. Da an fara liƙi hannunsa ya kasance a kanta, domin jama'a ba sa kallon ƙasa. Fitilar ta tsaya a gefe, kamar digiri 45 daga kyamara, ta ɗan ɗara idon mutum. In ya ninka nisanta da mutum, hasken ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura, don haka in amarya ta matsa shi ma ya matsa. Ango mai farar shadda kada a kusanta masa fitila, aikin wuyan rigar zai wanke ya zama fari fat. In baƙin layi ya fito a gefen hoto, saurin shata, wato buɗewa da rufewar idon kyamara, shi ne ya wuce abin da filasha ke iya bi, galibi 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa. In kuma fitilarsu tana tashi ita kaɗai, wani mai hoto ne a zauren suke lamba ɗaya da shi a na'urar tayar da filasha, sai ya sauya.

 

Hunturu na tafe. In zai canja gilashin kyamara, ya kashe kyamara, ya juya wa iska baya, bakinta na kallon ƙasa, ya gama cikin daƙiƙa kaɗan. Ƙurar da ta shiga ciki ɗigo take zama a wuri ɗaya cikin kowane hoto. Da robar hura iska ake korar ta, ba da baki ko bakin riga ba.

Sai ladabi, wanda shi ke sa a sake kiran yaro. Idonsa na kan maigida, ba kan amarya ko wayarsa ba. Ya ga gyale ya karkace ko goshi ya yi gumi, kada ya taɓa, ya kira babbar ƙawa ko mai kwalliya. Tun da wuri ya samu wata 'yar gida ta nuna masa uwar amarya da gwaggonni da kakanni, don mantawa da su shi ke kawo ƙorafi. Ya hango kuskuren maigida, ya raɗa masa a kunne. Kada ya ba baƙi lambarsa a wajen aikin wani, kada ya ɗora hoton matan mutane a Instagram. Kuɗin yini da na mota su yi maganarsa kafin a fita, a natse.

Ka saya masa takalmi mai taushi da ƙaramar tocila, tsayuwa ce daga azahar har dare. Yaushe za ka shigo? Ka gaida Madam da yara, ka ce wa Auta ya kira ni kafin bikin farko da zai je aiki mu duba jakar tare.

Naka har kullum.