Wasiƙa daga Manchesta zuwa ga Baba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da ƙannena da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, alhamdu lillahi, sai dai sanyi.

Kawu ya faɗa mini ta waya cewa abokanku na kara sun tambaye ku abin da nake karantawa a Ingila, kuka ce musu zaman jama'a, suka yi dariya suka ce ai wannan a zaure ake koyonsa, ba sai an hau jirgi ba. Ban ga laifinsu ba, amma ina so in ba ku abin da za ku amsa musu da shi.

Sunan fannin ilimin zamantakewa, Turawa kuma suna ce masa soshiyoloji, sunan da ya bazu ta hannun wani Bafaranshe, Auguste Comte. Aikinmu shi ne gano dalilin da ya sa jama'a ke yin abin da suke yi, ta hanyar hira da mutane, da zama a cikinsu, da ƙididdiga. A zangon farko mun karanta Emile Durkheim, wanda ya nuna a 1897 cewa hatta kashe kai, da ake ɗauka lamarin mutum ne shi kaɗai, yakan yawaita inda igiyar aure da ta addini suka yi sako-sako. An kuma yi mana darasi a kan Ibn Khaldun da Muƙaddimarsa ta 1377, da bayaninsa na asabiyya, wato zumuncin da ke haɗa kan jama'a. Darasi ɗaya tak aka ba shi, ni kuwa a ganina ya cancanci zango guda.

Abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne wani littafi da malamina ya miƙo mini da ya ji ni Bahaushe ne. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo, unguwar Hausawa da ke Ibadan, a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969. Da na buɗe shi, sai na tarar da rayuwar marigayi Kaka a ciki: yadda mai shanu ke sauka wurin maigidansa, wato mai masaukinsa, yadda dillali ke haɗa shi da mahautan Yarabawa, yadda ake ba da shanu bashi ba tare da takarda ba, da yadda maigida ke tsayawa a matsayin mai lamuni idan mahauci ya ƙi biya. Haka ma fataucin goro zuwa arewa. Hujjarsa ita ce, fatauci mai nisa irin wannan ba ya tafiya sai da amana, amanar kuwa tana buƙatar harshe ɗaya, da sarki ɗaya, da unguwar da kowa ya san kowa, shi ya sa mutanen Sabo suka riƙe Hausancinsu gam a tsakiyar ƙasar Yarabawa.

Akwai inda ban gamsu da shi ba. Ya danganta shigar mutanen Sabo ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 da buƙatarsu ta sabuwar hanyar haɗa kai, a lokacin da ikon da Turawa suka ba Sarkin Sabo ya fara raguwa saboda zuwan jam'iyyun siyasa. Mai yiwuwa hakan ya taimaki kasuwa, amma na ga Kaka yana wazifa a tsufansa, bayan ya daɗe da barin fatauci, kuma ba ribar goro yake nema da ita ba. Na faɗi haka a aji, malamin bai musa ba, ya ce in kawo hujja a rubuce.

Saboda haka na zaɓi in yi kundin binciken kammala karatuna a kan yadda amana take a cinikin shanu a yau, da waya da tura kuɗi ta banki suka shigo tsakanin mai kaya da maigida. Ina roƙon ku zama mutum na farko da zan yi hira da shi idan na zo hutu, ku kuma haɗa ni da dattawan kara, har da waɗanda suka yi dariyar. Ina so in ji ko har yanzu ana ba da shanu a kan magana kawai, da abin da ake yi wa wanda ya ci amana.

Ku yi haƙuri da abu ɗaya: dokar jami'a ta ce sai kun sa hannu a takardar amincewa kafin in naɗi muryarku, ko da yake ku ne kuka haife ni. Zan fassara ta da Hausa in taho da ita.

A gaishe da Inna, a ce mata ina neman addu'a, jarrabawa ta matso.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya