Wasiƙa Daga Jekadafari: Ina Za Mu Koma?

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Madam da yara, da kuma zafin Legas. Na san kana fushi da ni, kuma kana da gaskiya. Saƙonka na murya ya kusa wata biyu a wayata, na saurare shi ya fi sau uku, kullum sai in ce yau da dare zan zauna in ba ka amsa a tsanake kan filin nan da kake son saya. Za mu yi maganar in ka kira. Amma bari in fara sauke abin da ya tsaya mini a ƙirji, don in ban gaya maka ba ban san wanda zan gaya wa ba.

An ba mu notis. Alhaji mai gidanmu ya kira ni bayan sallar Isha'i, ya zaunar da ni a kan tabarmarsa, ya yi ta zagaye-zagaye kafin ya fito da ita: babban ɗansa zai yi aure, kuma ɓangarenmu yake so ya gyara masa. Wata uku ya ba mu. Wallahi ban ga laifinsa ba, shekara tara muna tare, ko sau ɗaya bai taɓa buga mini ƙofa a kan kuɗin haya ba. Amma da na shiga gida na ga zanen da uwargida take yi da gawayi a jikin ƙyauren ɗaki, inda take auna tsawon yaran duk shekara, sai na kasa cin abinci.

Tun ranar nake yawon neman gida. Kai da ka bar garin nan shekara goma sha biyu, kana zuwa Sallah ka yi kwana huɗu ka gudu, ba ka san abin da Gombe ta zama ba. Mu da muka tashi lokacin da aka yanke jihar daga Bauchi a 1996, mun san inda gari ya ƙare. Ka tuna Tumfure? Can muke zuwa gonar Bappa, ka hau keken Hamma ka ce ka iya, ka faɗa cikin ƙaya, har yau tabon yana gwiwarka, kada ka yi musu. To yau Tumfure gari ce guda, da kasuwarta da makarantunta da benaye, ko da yake a takarda ƙaramar hukumar Akko take. Ma'aikata sun cika gari, jami'ar jiha ta zo a 2004, sannan rikicin Borno da Yobe ya koro dubban mutane suka zauna a nan. Duk wanda ya zo gida yake nema, shi ya sa haya take hawa ba ta sauka.

A Tumfuren na fara ganin gidan da ya shiga raina. Ciki uku da falo, tayil har banɗaki, tsakar gida mai faɗi, ga bishiyar darbejiya a ƙofar gida. Iska kuwa kamar ba Gombe ba, don ka san can tudu ne, ba irin kwarin da muke dahuwa a ciki a watan Maris da Afrilu ba. Uwargida tana shiga ta tsaya a kicin, ta shafa kanta da hannu, ba ta ce komai ba, amma na ga idonta. Shekara tara tana girki a rumfar kwano, hayaƙi na cika mata ido, in an yi ruwa ta kwashi tukwane a guje.

Sai dai da na fito na tsaya da wani dattijo maƙwabci na tambaye shi ruwa, murmushi kawai ya yi, ya nuna mini 'yan ga-ruwa biyu suna turo kura a kan yashi, gumi har ƙafa. Ya ce a layinsu ruwa yana da nisa a ƙasa, haƙa borhol sai mai ƙarfi, famfo kuma ba kullum ba. Ka san ruwan garin nan daga Dadin Kowa ake turo shi, gabas ke nan, Tumfure kuma tana can yamma a kan hanyar Bauchi, sai ya haye gari duka ya hau tudu kafin ya iso. Na zauna da biro na yi lissafi: mu bakwai ne a gida har da ƙanwar uwargida, aƙalla kura ɗaya kullum, ranar wanki biyu. Na haɗa da man babur zuwa wurin aiki da dawowa, da kuɗin Keke Napep na yara uku zuwa boko, don ba na son canza musu makaranta a tsakiyar zango. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, nisa ya zama kuɗi, ba kamar da ba da za ka sa man ɗari biyar ka yini kana yawo. Abin da na samu a ƙasan takarda ya kusa kai hayar kanta a shekara.

Na biyu kuma wani dillali ne ya kai ni, can wajen Kagarawal. Sai da ya karɓi kuɗin ganin gida tukuna, ya hau bayan babur ɗina, hanya duka yana yabon gidan. Da ya faɗi kuɗin sai na ji araha ta yi yawa, kuma ka san ruwa ba ya tsami banza. Gidan sabo ne, fenti ko bushewa bai gama ba. Na ce zan zagaya baya, ya ce ai ba komai a can sai fili. Na dai zagaya. Mutumina, taku goma sha biyar na ƙirga daga katanga zuwa bakin kwari. Zurfinsa ya fi tsayin gida. A ɗaya gefen ga wani gida da ƙasa ta riga ta cinye rabinsa, bango ɗaya ne ya rage a ɗakin, shuɗin fenti, har da ƙusar rataye kaya da kalanda tana kaɗawa a iska. Buhunan yashi da mutane suka jera duk sun zube ciki. Wasu yara ƙanana suna wasan tsalle a bakin ramin, sai na ji ƙafata ta yi sanyi, na tuna autarmu da ba ta zama wuri ɗaya. Gaskiya gwamnati ta yi aiki a kan babban kwarin da ya taso daga wajen jami'a ya bi ta Malam Inna, an zuba kankare, mutane sun samu sauƙi. Amma wannan reshe ne da aikin bai kai gare shi ba. Ni da kai mun ga ambaliyar 2004 da idonmu, mun ga katifu da awaki a cikin ruwa, ba mai ba ni labarin abin da ruwa yake yi in ya gangaro daga tudu ya samu yashin garin nan. Na ce wa dillalin ya ji tsoron Allah. Ya ce ai damina ta kusa wucewa. Ban nemi kuɗina ba, na bar shi a wurin na tafi.

Af, kafin in manta, Dogo ya ƙara aure. Eh, Dogon da ka sani, wanda ya rantse a majalisar mai shayi cewa mace ɗaya ta ishe shi duniya da lahira. 'Yar Kumo ce, malamar asibiti. An yi walima mai kyau, kowa yana tambayar ina Alhajin Legas, na ce yana can yana koyon Yarbanci yana ƙara tumbi. Hoton da ka sa a Facebook da babbar riga ya zagaya majalisa, an yi ittifaƙi hular ba taka ba ce. Gajere kuma ya bar sayar da hatsi a Tudun Hatsi ya koma harkar sola, yana samu sosai, don tun da aka ƙara kuɗin wutar Band A a 2024 kowa fanel yake nema. Shi ma yanzu in ka je duba gida sai ka tambayi layin da unguwar take, da yadda taransfomarsu take, kuma mita ta kati ce ko bil ake kawowa a raba. Gidan haya mai mita ɗaya da magidanta huɗu, rigima ce da ranarta.

Na leƙa Tudun Wada, amma ɗaliban jami'a sun sa masu gida sun gwammace su yayyanka gida ɗaki-ɗaki, mai iyali ba ya samun yadda yake so. GRA da Federal Low Cost kuwa na wuce ne kawai na gaishe su, ba na albashin malamin makaranta ba ne. Surukaina suna ta jan mu Pantami kusa da su, an ma samo mana wani gida mai kyau, akwai ruwa. Na je da rana na ji daɗinsa. Bappa ne ya ce kada in kuskura in ba da kafin alƙalami sai na je unguwa sau uku: da Asuba in ga sahu nawa ne a masallacin layin, da dare in ga su wa ke zaune a bakin kwalbati, sannan in koma bayan an ɗauke ruwan sama in ga inda ruwa yake bi. Na koma wajen ƙarfe goma na dare. Samari ne sun fi goma a kan kwanar layin, warin abin da suke sha tun daga nesa. Ban ce 'yan Kalare ne, 'yan dabar garin nan, ba, kuma ban ce haka Pantami take ba, unguwa ce babba cike da mutanen kirki da malamai, layi ɗaya nake magana. Amma babban ɗana shekararsa goma sha uku. Ta wannan kwanar zai riƙa wucewa zuwa Islamiyya safe da yamma, kuma shekarun da yake ciki ne ake ɗaukar aboki.

Duk wannan da na zayyana maka ba shi ne ainihin abin da ke hana ni barci ba. Mahaifiyarmu Dada ce.

Ka san ciwon sugan nan ya ci ƙarfinta. Yanzu kullum bayan Asuba nake biyawa Herwagana in tsaga mata yatsa in auna, in yi mata allura, in zauna ta sha kunu a gabana, don in ba a gabana ba sai ta ce ta ƙoshi. Adda tana Bauchi gidan mijinta, Hamma yana Abuja, ni ne a kusa. A watan azumin da ya wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, yarinyar da ke kwana da ita ta kira ni tana kuka. Ko takalmi ban sa daidai ba. Na same ta a ƙasa kusa da buta, jiki ya yi sanyi, gumi ya jiƙa ɗankwalinta, suga ya faɗi. Maƙwabcinsu, tsohon direban nan da yake korar mu daga kan katangarsa muna yara, shi ya fito da motarsa ba tare da an roƙe shi ba, muka kai ta Asibitin Ƙwararru. Likita ya ce mun zo a kan lokaci. Daga Jekadafari mintuna kaɗan ne suka kai ni. Da daga Tumfure ne fa, cikin dare, a layin da ko acaɓa ba ya shiga bayan sha ɗaya?

Na roƙe ta ta biyo mu duk inda muka koma, na ce ɗaki guda nata ne, mai banɗaki a ciki. Ta kalle ni ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu, a nan aka yi wa mahaifinmu wanka, kuma daga nan za a ɗauke ta. Ban ƙara magana ba. Kuma na gane ba ɗakin ne kaɗai ba. Matan layin nan ne da suke shigowa da hantsi, wannan ta tsefe mata kai, waccan ta kawo mata miyar kuka, a yi hirar waɗanda suka rasu. In na kai ta gida mai tayil da get, da safe kowa ya watse aiki da makaranta, da wa za ta yini?

To shekaranjiya mai unguwa ya nuna mini wani gida a Herwagana, lungu biyu tsakaninsa da gidan Dada. Tsohon gini ne, ciki biyu da falo ƙarami, lungun ko mota ba ta shiga, lambatu a buɗe a ƙofar gida, rufin ɗaki ɗaya yana yoyo, na ga tabon a silin. Zafi kuwa ba sai na gaya maka ba. Amma famfo yana zuwa, kasuwa da ƙafa, yara ba za su canza makaranta ba, kuma duk wanda na gaisa da shi a layin ya kira ni da sunan mahaifina. Mai gidan ya yarda in gyara rufi da kicin a cire a kuɗin haya. Ya ba ni zuwa Juma'a.

Na kai uwargida ta gani da yamma. Ta duba ko'ina, ta buɗe tagar ɗaki ta ga bangon maƙwabta ne a gabanta. Ta ce, "Duk abin da ka yanke, Allah Ya sa albarka." Ka san halinta, ba za ta taɓa cewa a bar Dada ba, ita ce ma take dafa mata abincin da likita ya ce. Amma da dare na ji tana juyi, kuma na san kicin ɗin Tumfure take tunani. Tana da haƙƙi a kaina ita ma, ta yi haƙuri shekara da shekaru, yaran kuma suna girma, mace da namiji ba za su ci gaba da kwana ɗaki ɗaya ba. Zuciyata ta karkata Herwagana, na yi istihara kwana biyu kuma ba ta sauya ba. Abin da nake so shi ne in zauna da ita in yi mata alkawarin da zan iya cikawa, in ce shekara biyu ko uku, muna tara abin da za mu kashe a ruwa da mai, mu sa bulo a namu. Ina tsoron in faɗa in kasa.

Kai ka san ta, ka san Dada, ka san aljihuna. Ka kira ni kafin Juma'a, ko da dare ne, ka gaya mini gaskiya in kana ganin zaluntar uwargida zan yi. Kada ka yi mini irin taka ta "Allah Ya zaɓa mafi alheri" ka kashe waya.

Dada tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran man zafin da ka yi mata alkawari tun Babbar Sallah. In akwai mai tahowa, ka haɗo da tsinken gwajin suga kwali biyu, irin na wancan karon, a nan ya yi tsada kuma ba kullum ake samu ba. Ka gaida Madam, ka shafa mini kan yara. An kira Magariba, bari in tashi.

Naka har kullum,
Amininka na Jekadafari