Adashen Matan Coci a Damagaram

Malam Edita,

Matan Togo, Benin da Najeriya da ke zaune a Damagaram, yawancinsu adashen zumuntar mata ne bankinsu. Misali mata goma, kowace ta zuba jika biyu (sefa dubu biyu) ran Lahadi bayan sujada, mai kwasa ta tashi da jika ashirin.

Matsalar tana wajen jeri. Baƙuwa ba ta da mai tsaya mata, sai a ajiye ta ƙarshe, alhali ita ce mai neman jari da kuɗin haya. Tsoron uwar adashe a fili yake: wata ta kwasa ta koma ƙasarsu. To, a sa tsohuwar 'yar zumunta ta lamunce ta, a rubuta a littafi gaban shaidu biyu. Zubi kuma da sefa kawai, don canjin naira ba ya tsayawa.

Masu karatunku,
Damagaram