Taswirar da ke falon ɗiyata ba ta san Zango ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, shekarata 74. Makon jiya na je Ankara barkar haihuwar ɗiyata, sai na tarar mijinta ya rataya tsohuwar taswirar Gold Coast, wato Ghana ta zamanin Turawa, a falo, cikin gilashi da katako mai sheƙi. Kwafi ce, an dafe takardar don ta yi kamar ta tsufa. Ya ce abin da ake yayi ke nan a otal-otal da ofisoshi. Ta yi kyau, ban musa ba. Na tsaya gabanta har kokona ya huce.

An raba ƙasar gida huɗu, kowane da launinsa: bakin teku, Asante, yankunan Arewa, sai Togo ta Ingila siririya a gabas. A kusurwa ga ƙidayar 1948, mutum miliyan 4 da 'yan kai, mu da yau muka haura miliyan 30. Kowace ƙabila an rubuta sunanta a kan ƙasarta, Tonawa, wato mutanen Asante, nan, Fante can, Dagomba da Gwanjawa a sama. Na bi da yatsa ina neman mu 'yan Zango, unguwannin baƙi, ban gan mu ba.

Ban yi mamaki ba. Kakana farke ne, goro ya kawo shi Salaga daga Kano. Da yaƙin 1892 ya watse garin, wasu suka yi Kete-Krachi, wasu Yendi, shi daga baya ya gangaro Kumasi. Wanda hanya ta kawo, mai zanen taswira ba ya da launin da zai shafa masa.

Surukina ya ce yana neman ta biyu, wadda za ta nuna zaɓen 1956, inda jam'iyyar CPP ta Nkrumah ta kwashe kujeru 71 cikin 104, jam'iyyar adawa ta NLM ta yi ƙarfi a Asante. Na ce masa, yaro, wane launi za su ba gidanmu? Mahaifina ɗan jam'iyyar Musulmi ne, MAP, ƙanensa kuwa ɗan CPP ne na ƙin ƙarawa. Zaure ɗaya suke shiga, amma an ce sun yi shekara ba su sa hannu a kwano ɗaya ba. A 1957 gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba, jigo a Zangon Kumasi, zuwa Najeriya, aka kuma haramta jam'iyyun addini da na ƙabila. Duk wannan a taswira ɗigo ɗaya ne mai suna Kumasi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne 1969. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Ina da shekara 18. Na ga mutanen da aka yanke wa cibiya a lungunmu suna hawa manyan motoci zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Keken Singer da nake ɗinki da shi har gobe, mahaifina ya saye shi hannun maƙwabcinmu daren tafiyarsa, a kuɗin da ni da kaina nake jin kunyar faɗa. Mutumin ya roƙa a saya ne, don ba wurin ɗora shi a mota.

Ga dalilin wasiƙar tawa. Samari suna tura hoton irin waɗannan taswirori a WhatsApp, su ce ga hujja, wane ɗan ƙasa ne, wane baƙo. Takardar da Bature ya zana don sauƙin mulkinsa ita ce yau ta zama alƙali? Ina roƙon masu karatu na Nima da Sabon Zango da Asawase, duk mai tsohuwar wasiƙar ajami ko takardar cinikin goro a ƙasan akwati, ya fito da ita ya sa mata gilashi ita ma, kafin gara ta riga shi.

Ban ce surukina ya sauke tasa ba. Na dai nemi ya buɗe min gilashin in rubuta Zango da fensir kusa da Kumasi. Ya yi dariya ya ce, Baba, kuɗi fa na biya. Sai ɗiyata ta yago min takarda, na rubuta Kano, Salaga, Kumasi, na maƙale ta a bakin katakon.

Naku,
Wani tsohon tela, Aboabo, Kumasi.