Wasiƙa daga ƙarƙashin bishiya

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta sau biyu. Inda ka ce ka daina fita da yara a ƙarshen mako, saboda duk inda kuka nufa sai an biya kuɗin shiga, a ciki kuma kowane lilo da nasa kuɗin, nan na ajiye takardar na yi dariya ni kaɗai. Kada ka ji haushi, kaina nake yi wa. Bara war haka da bakina na faɗi irin wannan maganar, har na ƙara da cewa shaƙatawa ta zama ta masu hali.

Ka san tun da likita ya ce jinina ya fara hawa nake neman yadda zan riƙa motsa jiki. Na je na yi rajista a gidan motsa jiki, na biya kuɗin wata uku a dunƙule don in tilasta wa kaina zuwa. Sau bakwai na je. Na ƙirga, domin maiɗakina ta ƙirga kafin ni, kuma har yau idan muka yi saɓani a kan kashe kuɗi sai ta tuna mini. Ana nan sai wata rana motata ta kwana a gareji, na dawo gida a ƙafa, na ce bari in yanke ta cikin lambun shaƙatawar unguwarmu. Shekara shida ina wuce ƙofarsa a mota. Ban taɓa shiga ba, don a raina wurin da ba a karɓar ko sisi a ƙofarsa ba zai yi wani abin kirki ba. Na shiga da niyyar minti biyar, sai da na yi kusan awa ɗaya zaune a kan benci, ina kallon wasu dattawa biyu suna zagaye, suna gardama a kan abin da ban ji ba.

Yanzu kusan kullum da sassafe ina can. Akwai hanyar ƙafa da ta kewaye filin, ina zagaya ta sau huɗu, wajen minti talatin ke nan. Likitan ya ce mini Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, wato irin tafiyar da za ka iya yin magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. Minti talatin sau biyar, an cika. Yara kuwa daga shekara 5 zuwa 17, minti 60 ake so su samu kowace rana. Da na ji wannan sai na dubi nawa, waɗanda in ka bar su za su wuni kwance da waya a hannu, na ce to, ku ma kun shiga lissafi.

Ranar farko da na kai su, ɗan autana ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya ina ake sayen tikiti. Wannan tambayar ta ɗan sosa mini rai, domin ni na koya masa cewa wasa abu ne da ake saya. Ƙwallo ɗaya muka tafi da ita, da tabarma, da gorar ruwa. Ba a yi minti goma ba ya sami abokai uku da bai san sunansu ba, sun ajiye takalma a matsayin raga. Yayarsa, wadda ta fito tana kumbure-kumbure, ta ƙare da tattara ganyaye iri-iri tana jera su a littafinta. Da muka dawo, tun kafin in ce a kwanta sun yi barci. Kai da ka san gidana da dare, ka san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai abin da ban zata ba, kuma shi ne ma ya fi riƙe ni. Na tafi neman lafiyar jiki, sai na tarar kaina ne ya fi hutawa. Inuwar bishiya daban take da inuwar gini. Bishiya tana jan ruwa daga ƙasa tana fitar da shi ta ganye, iskar da ke kewaye da ita ta yi sanyi, shi ya sa da ka bar kwalta ka shiga ƙarƙashinta sai ka ji kamar an sauke maka kaya. Na karanta wani bincike da masana a Jami'ar Exeter ta Ingila suka fitar a 2019, a kan mutane kusan 20,000. Sun gano cewa waɗanda ke yin aƙalla minti 120 a mako a cikin itatuwa da ciyayi sun fi sauran cewa suna jin lafiya da natsuwa, kuma ko a zama ɗaya aka yi awa biyun ko a rarrabe, duk ɗaya ne. Ni dai tun kafin in ga wannan na lura cewa ranar da na yi zagayena ba na saurin yi wa kowa tsawa a wurin aiki.

Bari in gyara wata kalma da na saba faɗa a kan lambun nan, wato kyauta. Wani tsohon malamin makaranta da muke haɗuwa a can, wanda ya zama abokin zagayena, shi ya gyara mini. Na ce masa wurin nan kyauta ne, ya ce a'a, ka riga ka biya da harajinka, zuwa ne kawai ba ka yi. Shi ya ba ni labarin lambun Birkenhead da ke kusa da Libaful a Ingila, wanda aka buɗe a 1847, Joseph Paxton ya tsara shi, kuma ana yawan ambatonsa a matsayin lambun farko da hukumar gari ta gina da kuɗin jama'a domin kowa ya shiga. Kafin nan manyan lambuna galibi na sarauta ne da masu dukiya. A 1850 wani Ba'amurke, Frederick Law Olmsted, ya ziyarci wurin, ya yi mamakin ganin talaka da mai kuɗi suna yawo a fili ɗaya ba mai korar wani. Bayan shekara takwas, a 1858, tsarin da ya yi tare da Calvert Vaux ne aka zaɓa don gina babban lambun Central Park a birnin New York. Tun da na ji wannan na daina shiga lambun kamar mai cin arziki. Ina shiga kamar mai duba gonarsa.

Kada ka ɗauka aljannar duniya nake kwatanta maka. Benci biyu sun karye tun watannin baya, ba wanda ya zo gyara. Banɗakin wurin, rabin lokaci a kulle yake. Fitilun ɓangare ɗaya sun mutu, don haka ba na bari duhu ya same ni da yara a ciki, kuma kai ma ina ba ka shawarar ka fara zuwa kai kaɗai, a lokuta daban-daban, ka ga su wa ke zama a wurin kafin ka kai iyali. Na rubuta wa masu kula da wurin takarda, shiru kake ji. Shara ma akwai, musamman ranar Litinin da safe. Yanzu ina tafiya da leda a aljihu, abin da na iya tsinta in tsinta. Da farko kunya nake ji, sai na ga malamin nan ya daɗe yana yi, ba wanda ya ce masa komai.

Tarko ɗaya ne zan gargaɗe ka a kai, masu talla a bakin ƙofa. In ba ka yi hankali ba, abin da ka tsira da shi na tikiti a nan za ka bar shi. Mu dai mun yi yarjejeniya da yara tun daga gida: abin da muka ɗauko shi ne namu, aljihun baba a rufe yake. Sun yi ƙorafi mako biyu, suka saba.

Ka ce kana jin kaɗaici tun da ka koma can, ba ka san kowa ba sai abokan aiki. Ka bincika ko akwai masu taruwa gudu ko tafiya a lambun da ke kusa da kai. Akwai wani tsari da ake kira parkrun, wanda ya faro a 2004 a lambun Bushy na Landan da mutum 13 kacal, yanzu ya bazu ƙasashe da dama: kilomita 5 kowace Asabar da safe, ba a biyan komai, wanda ya ga dama ya yi gudu, wanda ya ga dama ya taka a hankali. Ko babu shi a inda kake, in ka riƙa zuwa a lokaci ɗaya kullum, fuskokin da kake gani za su fara gaishe ka. Ni haka na sami malamin, da gaisuwa kawai, yau ga shi in bai gan ni kwana biyu ba sai ya kira ya ji ko lafiya.

A kan wancan bencin na ranar farko nake rubuta maka wannan, shi ya sa rubutun ya karkace, takardar a kan gwiwata take. Ka buɗe taswirar wayarka yau ka duba koren wuri mafi kusa da gidanku, ka je ranar Asabar, sannan ka rubuto mini abin da ka tarar, ko da benci karyayye ne. Hawan jinin kuma ya ɗan sauka, amma likita ya ce kada in kuskura in ajiye magani, ban kuwa ajiye ba.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Ɗan autana ya ce in tambayi naka ko har yanzu shi ne mai tsaron raga.

Naka amini har kullum.